Idan Aka Kira Ku Taron Tuntuɓa Kan Fili: Abin Da Gonar Yayana Ta Koya Mini

Ni ba lauya ba ne. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ina zaune a Aboabo cikin Kumasi, kuma na daɗe ina rubuta wa kwamitin unguwarmu wasiƙu. Abin da ya tsunduma ni cikin maganar fili gonar koko ce ta yayana, koko na itace ba na sha da ƙosai ba, a wani ƙauye yamma da Kumasi. Daji ya karɓa a hannun mai ƙasa bisa tsarin abunu: ya sare, ya shuka, ya yi reno, in koko ya kama a raba gonar biyu. Ya haura shekara ashirin a wurin.

Wata rana ya kira ni ya ce an yi taro a ƙauyen. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an raba lemo da biskit. Wasu masu hular kwano suka yi bayani da Turanci, wani ya juya da Tuwi, harshen Asantawa, sannan aka zagaya da takarda, mai iya rubutu ya rubuta sunansa, marar iyawa ya dangwala. Na ce, "Yaya, me ka sa wa hannu?" Ya ce, "Malam, takardar waɗanda suka zo ce kawai, don a san yawan lemo." Bayan wata bakwai na ga takardar nan da idona a bayan wani rahoto mai kauri. A samanta an buga cewa an tuntuɓi al'umma kuma sun yi na'am da aikin da zai ci gonakinsu. Dangwalen yayana na nan a layi na goma sha huɗu.

Tun daga ranar na shiga karatun da ban yi niyya ba. Ga abin da na tsinta, ga mai gona a ƙauye da mai gida a zango.

Ku fara sanin matsayinku

Wannan zai yi wa wasu ɗaci. Dokar ƙasa da ƙasa ta ba 'yan asalin ƙasa kariya ta musamman, amma ba duk wanda aka binne cibiyarsa a wuri take nufi ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka da ke Banjul ta amince da wani rahoto a 2003 da ya fayyace su a nahiyarmu: al'ummomin da rayuwarsu da al'adarsu ke ɗaure da wata ƙasa, galibi mafarauta da makiyaya, waɗanda aka mayar saniyar ware. Irin su San, Batwa, Masai, Ogiek, Buzaye da Fulanin Mbororo. Mu mutanen zango ba ma cikin wannan sahu. Kakanninmu fataken goro ne da malamai da sojoji, suka zo aka ba su masauki. Ƙasar Kumasi tana ƙarƙashin kujerar Asantehene, sarkin Asantawa, Nima da Madina da Sabon Zango na Accra kuwa a kan ƙasar mutanen Ga suke. Sarkin zango sarkin mutane ne, ba sarkin ƙasa ba. Wanda ya shiga ofis yana buga ƙirji wai shi ɗan asalin ƙasa ne a Aboabo, dariya za a yi masa, ya kuma ɓata da Manhyia, fadar Asantehene, a banza.

To me ya haɗa mu da maganar? Waɗancan mutane su suka sha wuya har aka rubuta mudun da ake auna tuntuɓa ta gaskiya da shi. Mudun nan ya ratso cikin dokokin Ghana da ƙa'idojin bankunan da ke ba gwamnati rance, kuma da shi za ku auna duk taron da aka kira ku.

Yarjejeniya mai lamba 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1989, ta ce a sashe na 6 a tuntuɓi mutane da zuciya ɗaya, ta hannun wakilansu na ainihi, da nufin a kai ga yarda. Sashe na 15 ya ƙara da cewa ko da ma'adinan ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, sai an tuntuɓi mutanen kafin a ba da izinin bincike ko haƙa. A duk Afirka ƙasa ɗaya tal ta rattaba mata hannu ta tabbatar, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 2010. Ghana tana kan tsohuwar, mai lamba 107 ta 1957, wadda ta karɓa a 1958 zamanin Nkrumah. Sai sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa ta 13 ga Satumba 2007. Ghana ta goyi baya, Najeriya da Kenya suka ƙi kaɗa ƙuri'a. A cikinta ne aka jaddada sharuɗɗan da nake so ku haddace: yarda ta zama ba tilas, ta zo kafin a fara aiki, kuma bayan an faɗa wa mutane komai da harshen da suke ji. Taron ƙauyen yayana bai cika ko ɗaya ba, don ranar da aka raba lemo tuni an kafa turaku a cikin gonaki.

Sai dai kada ku ɗauki sanarwar nan ku nufi kotu da ita. Sanarwa ce, ba ta ɗaure kowa da igiya, kuma alƙalin Ghana ba ya aiki da yarjejeniyar waje sai majalisa ta mayar da ita doka. Makaminku na kusa shi ne sashe na 20 na kundin tsarin mulki na 1992. Gwamnati na iya karɓar fili don amfanin jama'a, amma dole ta bayyana dalili, ta biya diyya mai adalci wadatacciya ba jan ƙafa, ta bar wa mai ƙorafi hanyar zuwa Babbar Kotu, in kuma za a tashi mutane ta sake tsugunar da su a wurin da ya dace da sana'arsu da al'adarsu. Dokar Filaye ta 2020, mai lamba 1036, ta wajabta tuntuɓar masu haƙƙi da mazauna wurin, ta kuma ce a ajiye kuɗin diyya a asusu na musamman kafin a karɓi filin. Wannan shi ne yadda gwamnatinmu ta sauke nauyin a takarda. A ƙasa kuwa, sai kun tsaya.

Kafin ranar taro

Tambaya uku za ku fara nema wa amsa: wa ke son filin, da wace doka, da kuɗin wa. Kowace amsa ƙofarta daban. In hanya ce ko magudanar ruwa, maganarku da Hukumar Filaye ce da majalisar yankinku. In zinariya ce, sashe na 257 na kundin ya riga ya ɗora duk ma'adinai a hannun shugaban ƙasa amanar jama'a, don haka ba ku da ikon cewa zinariyar taku ce, amma Dokar Ma'adinai ta 2006, mai lamba 703, ta ba ku haƙƙin diyya kan abin da ke saman ƙasa. Ku je ku karanta allon da ake kafawa a bakin aiki. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, ake rubuta mai ba da kuɗi. In aka yi muku rowar bayani, ku rubuta wasiƙa ƙarƙashin dokar samun bayanai ta 2019, mai lamba 989. Kwana 14 ta ba jami'in ya amsa. Ku kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata ku dawo da ita gida. Wasiƙar da ba hatimi, a wurin ma'aikata ba ta taɓa zuwa ba.

Sannan ku tattara shaidar zama. Indencha, wato takardar mallakar fili, da taswirar fili in akwai, rasitin harajin gida, rasitin kuɗin ƙasa na shekara, tsofaffin takardun wuta da ruwa. Da yawa daga gidajen zango ba su da indencha, kaka ya karɓa da baki a gaban shaidu. Wannan bai zama asara ba. Yayana ba shi da takarda ko ɗaya daga mai ƙasa, amma yana da littafin sayar da kokonsa, wanda akawun sayen koko ke cikewa duk kaka, da dattijai biyu da suka ga ranar da ya kai kuɗin godiya da Asantawa ke kira aseda. Dokar 2020 ta lissafa hayar gargajiya irin abunu da abusa, wato rabon uku, cikin haƙƙoƙin fili da aka sani. Ku ɗauki maganar dattijan a waya tun suna da rai, su faɗi iyaka: daga wace bishiya zuwa wane rafi.

Kwamiti kuma ku kafa shi da kanku kafin a kafa muku. Kada ya zama na masu gidaje zalla. A sa 'yan haya, a sa matasa, a sa mata, don mai wake da shinkafa da mai tuwo da ke bakin titi su ne za su fara rasa abinci in aka fasa hanya, kuma su ne ba a kira taro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: abin da na gani shi ne ana kiran mutum biyu ko uku gefe a yi musu alkawarin aikin gadi, washegari su zama masu wa'azin haƙuri.

Ku je ku gaida mai ƙasa da sarkinku da ladabi tun farko, a tafi tare in zai yiwu. Amma ku riƙe a zuci cewa yardar sarki ba ita ce yardar kowa ba. Kundin tsarin mulki ya ɗauki sarakuna a matsayin masu riƙon amana, dokar 2020 kuma ta mayar da cin wannan amana laifi. Kuɗin ƙasa na mai ƙasa ne, babu gardama. Kuɗin gini da na amfanin gona na wanda ya gina ne da wanda ya shuka.

A ƙarƙashin rumfa

Nan ne ake cin mutane, don haka zan daɗe a nan.

Takardar halarta ita ce farko. Kafin kowa ya taɓa biro, magatakardanku ya karɓe ta ya duba samanta. In babu kai, ko an bar fili fari a sama, ya rubuta da hannunsa da manyan haruffa cewa wannan sunayen waɗanda suka halarta ne kawai, ba amincewa ba ce, ya ja layi ya kashe sauran farin wurin, ya ɗauki hoto. Haka kowane shafi. Za a yi muku kallon masu tsaurin ido. Ku bari a yi. Tsohon da bai iya karatu ba kada ya dangwala sai an karanta masa da harshensa, mai karantawar kuma ya rubuta sunansa a gefe.

Ku zo da tafintanku. Tsofaffinmu suna jin Tuwin kasuwa, suna ciniki da shi har su yi faɗa, amma Tuwin ciniki daban, maganar doka daban. Na taɓa zama a wani taro inda injiniya ya ce za a ɗauki wani yanki na dindindin, tafinta ya juya da cewa za a yi aiki a wurin. Ba ƙarya ya yi ba, rabin gaskiyar ya haɗiye.

Ku sanar da babbar murya cewa za ku ɗauki taron a waya, ku kuma rubuta naku bayanin taron. Lemo ku sha, ba haramun ba ne. Ambulan na kuɗin mota kuwa, in za a sa hannu kafin a karɓa, a karanta abin da ke saman takardar tukuna.

Tambayoyin da za ku yi ba masu wuya ba ne. Ina taswirar da ke nuna iyakar aikin, a ba mu kwafi. An duba wata hanyar da ba za ta ci gidaje ba, me ya sa aka bar ta? Ina rahoton tasirin aikin ga muhalli da aka kai wa hukumar kare muhalli ta EPA, yaushe za a yi zaman jin ra'ayin jama'a? Kuɗin diyya suna wane asusu? Wa za mu kai wa kuka, a wane ofis? Wace rana ce ranar rufe ƙidaya? Duk amsar da aka ce "za mu duba", a rubuta ta tare da sunan muƙamin wanda ya faɗa.

Babban abu: kada ku ba da amsa ranar. Ko da maganar ta yi muku daɗi. Shugaban kwamiti ya miƙe ya ce, "Mun ji, mun gode, za mu koma mu yi shawara da mutanenmu, za ku ji daga gare mu a rubuce nan da mako biyu." Wanda ya zo tuntuɓa da gaske ba zai ƙi wannan ba. Wanda ya ce lallai yau, to sanarwa ya kawo, kuma wasiƙarku ta farko ta faɗi haka ƙarara: an sanar da mu ranar kaza, ba a tuntuɓe mu ba tukuna.

Ranar ƙidaya

Diyya daga ƙidaya take fitowa. Abin da bai shiga fom ba ranar, da wuya ya shiga daga baya. Kowa ya tsaya a kan kayansa. Kafin su zo ku yi taku ƙidayar: mu da yaran yayana mun sayi fenti ja, muka bi itatuwan koko ɗaya bayan ɗaya muna ɗiga musu, yaro na ja a littafin makaranta biyar-biyar. Kwana biyu muka yi, cinnaku suka yi mana kaca-kaca. Muka haɗa da ayaba da gwaza da lemun zaƙi da ke tsakani, da rumfar shanya koko, da rijiya. Masu ƙidaya sau da yawa suna auna faɗin gona ne su kintata yawan itatuwa. In kuna da naku lissafin da hotuna, kuna da abin riƙewa.

Ku nemi kwafin fom ɗin nan take, ko ku ɗauki hotonsa. Kuna da damar ɗaukar naku mai ƙiyasta dukiya, kuma in kuka haɗa kuɗi mutum talatin ba zai yi nauyi ba. A harkar ma'adinai sashe na 74 na dokar 703 ya ce a duba har da kuɗin da ake sa ran samu gwargwadon irin shukar da tsawon rayuwarta. Itacen koko yana ba da 'ya'ya shekaru masu yawa, kada a biya ku kamar masara.

Wata magana da zan faɗa wa namu: masu tashi cikin dare su dasa shuka ko su aza bulo don su ci diyya suna ɓata wa kowa. Bayan ranar rufe ƙidaya ba a biya, kuma su ne hujjar da ake kafawa a ce duk garin 'yan damfara ne.

In za a tashe ku, ku je ku ga sabon wurin da ƙafarku kafin ku ce uffan. Ruwa, makaranta, masallaci, maƙabarta, nisan kasuwa. Lokacin da aka gina madatsar Akosombo a shekarun 1960 an tashi mutum kusan 80,000 aka zuba su a ƙauyuka 52, da yawa suka watse saboda ƙasar noma ba ta ishe su ba. 'Yan albasa da aka kwashe daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021 za su ba ku labarin abin da nisa ke yi wa ciniki.

In abu ya ƙi

Ku kula da wa'adi, don shi ke kashe ƙara mai gaskiya. In gwamnati ta buga sanarwar karɓar fili, wata shida ne a shigar da buƙatar diyya a rubuce ga Hukumar Filaye. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Ghana, CHRAJ, tana karɓar koke kyauta, tana da ofisoshi har a gundumomi, amma tana iya ƙin sauraron abin da kuka sani fiye da wata 12 kuka yi shiru. Marar kuɗin lauya ya nemi hukumar taimakon shari'a ta gwamnati.

In kuɗin aikin na Bankin Duniya ne, kun sami wata ƙofa mai kyau. Ƙa'idarsu ta ce ko wanda ba shi da takardar fili a biya shi gininsa a taimaka masa ya sake zama. Suna da kwamitin bincike mai zaman kansa da mutum biyu kacal za su iya rubuta wa. Mutanen Agyemankata sun yi haka a 2007 kan bolar da aka so kafawa a Kwabenya, aka zo aka bincika. 'Yan'uwanmu na Nima su lura, don aikin GARID na magance ambaliya a kwarin Odaw rancen wannan banki ne.

Kotunan waje su ne na ƙarshe. Kotun ECOWAS a Abuja tana sauraron ƙarar take haƙƙi ba sai an gama da kotunan gida ba. Kotun Afirka a Arusha kuwa, Ghana na cikin 'yan ƙasashen da suka yarda mutum ya kai ƙararta can kai tsaye, tun 2011, amma sai ya ƙare hanyoyin gida. A can Yarjejeniyar Banjul ta 1981 ce madogara, sashe na 14 kan dukiya, na 21 kan arzikin ƙasa, na 22 kan ci gaba, kuma wannan ta kowa ce, ba ta 'yan asalin ƙasa kaɗai ba. Sai dai ku san irin tafiyar. Endorois na Kenya an kore su daga bakin tafkin Bogoria a shekarun 1970, hukuncin da ya ba su gaskiya sai a 2010 ya tabbata. Ogiek na dajin Mau sun ci nasara a Arusha a 2017, aka yanke musu diyya a 2022, a ƙarshen 2023 kuma aka sake rushe wa wasunsu gidaje. Yayana da ya ji wannan sai ya ce, "Malam, ni jikana zai karɓa ke nan."

Mu ba mu kai ko Babbar Kotu ba. Wasiƙa muka rubuta, manoma arba'in da ɗaya suka sa hannu, wannan karon bayan an karanta wa kowa da Hausa da Tuwi. Muka maƙala hoton takardar lemon nan, da lissafinmu na jan fenti, muka aika kwafi ga majalisar gunduma da CHRAJ da fadar mai ƙasa. Aka yi wata uku shiru, sannan aka dawo aka sake ƙidaya muna tsaye. An sami itatuwan yayana sun fi na fom ɗin farko da kusan kashi ɗaya cikin uku. Gonar dai ta tafi. Kuɗin suka fito bayan shekara ɗaya da rabi, sidi ya riga ya faɗi, abin da zai sayi fili biyu ya sayi ɗaya. Yanzu yana noman masara a wajen Ejura. Littafin makarantar da muka yi lissafin yana cikin akwatinsa tare da fasfonsa na Makka, kuma makon jiya ya aiko a karɓa masa kwafin wasiƙar, wai an fara kafa turaku a gonar maƙwabcinsa.